Ranar da na kira Hajiya da sunan wata

Agegen da na sani da ƙamshin goro take wayar gari. Kafin rana ta ɗaga za ka ji mata suna wanke shi a manyan kwanoni, ƙararsa kamar ana zuba tsakuwa a ruwa, maza suna jera shi cikin ganye suna ɗaure huhu, jirgin ƙasa ya yi kuka daga nesa, kowa ya san na Arewa ne ya iso. A cikin wannan hayaniyar na yi aure, na haifi 'ya'ya, na yi furfura. Yanzu goron ya ja baya, janareta da okada sun karɓe unguwa, yaran da aka raɗa wa suna a gabana su gaishe ni da Hausa, su juya su ci gaba da hirarsu da Yarbanci. Wannan bai taɓa ɓata mini rai ba. Wanda ya baro ƙasar Damagaram tun da ƙuruciyarsa ya san gari ba ya tsayawa jiran kowa. Abin da ban zata ba shi ne akwai wata ƙara da na baro a bayan teku, na ɗauka can ta mutu, ashe za ta biyo ni har tsakar gidana bayan ƙarfi ya ƙare.

Ranar Lahadi ce bayan la'asar, a shekarun nan da soja suka koma bariki suka bar wa farar hula mulki. Ina zaune a tabarma, Hajiya matata tana tsintar shinkafa a faranti. Sai ƙasa ta motsa. A ƙirji na fara jin abin kafin ya iso kunne, sannan gilashin tagar ɗakin 'yan haya ya zube. Aka sake, aka kuma sakewa, sama ta wajen Ikeja ta yi ja. Titi ya cika da gudu. Wata maƙwabciyarmu tana ihu, "Ogun ti de!" wato yaƙi ya zo. Wasu na cewa juyin mulki ne, soja sun dawo, wasu na cewa wata ƙasa ce ta kawo hari. Sai daga baya muka ji ma'ajiyar makaman wani bariki ce ta kama da wuta. Hajiya ta watsar da farantin, ta fizgi mayafi ta nufi ƙofa, don duk unguwa ta miƙe hanyar Abule Egba. Ban san lokacin da na tashi ba, ni da sai na dafa bango nake miƙewa. Na cafke wuyan hannunta, na ja ta muka faɗi bayan ginin rijiya, na danne kafaɗarta, na ji bakina yana ihu, "Resta kwa, Lusiya! Resta kwa!"

Hajiya ta daina kokawa. Ta juyo ta zuba mini ido, bakinta a buɗe, ƙasa tana girgiza a ƙarƙashinmu. 'Yar Agege ce, ta ji Hausa ta ji Yarbanci ta ji Turancin kasuwa, amma wannan yaren ba ta taɓa jinsa ba, balle sunan. Ni kaina na fi ta firgita. Tun ina saurayi rabon da harshena ya taɓa waɗannan kalmomi. Ma'anarsu kawai, tsaya nan.

Sojan Faransa aka ɗebe mu a lokacin, ba da son ranmu ba. Mai gari ya tara samari a gaban kumandan, wani likitan Nasara ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana duba haƙora kamar mai sayen jaki. Ranar tafiya kakata ba ta yi kuka ba, ta dai riƙe kunnena ta ce, "Duk garin da ka sha ruwansa, ka gaida masu rijiyar." Daga nan sai kamiyo, wato babbar mota, sai jirgin ruwa, sai wata ƙasar Larabawa inda aka koya mana bindiga, sai wani jirgin kuma, aka sauke mu aka ce nan ce Italiya, Jamus na can kan duwatsu. Yaƙin kansa ba na son dogon zance a kansa. Wanda ya gani ba ya marmarin faɗa. Abin da ya fi ɗaure mana kai a farkon zuwa ba igwa ba ce, mutane ne. A garinmu Nasara ba ya ɗaukar ko butarsa, in ya wuce sai ka cire hula ka durƙusa. Sai ga mu a ƙasar da Nasara ke yawo ba takalmi, tsohuwa ɗauke da itace a ka, yara masu jan kunne suna bin kamiyonmu da gudu suna miƙo hannu. Kafaran ɗinmu, wato kofur, wani dattijo mutumin Maraɗi, ya ce, "Ku buɗe ido da kyau, yara. In kun koma gida kuka ba da labarin nan, maƙaryata za a ce da ku."

Da yaƙi ya matsa gaba aka bar mu gadin akwatunan harsashin igwa, an tara su kamar rumbuna a ƙarƙashin itatuwan zaitun, a gindin wani ƙauye da ke maƙale a jikin dutse. Aikinmu sauke akwati, ɗora akwati, goge bindiga, tsayuwa. Har yau in na rufe ido ina jin ƙauyen nan: ƙararrawar cocinsu safe da yamma, takalman katako a kan dutse, ƙwas ƙwas, da kukan wani injin niƙa da ruwa ke juyawa a bakin madatsa. Mutanen suna tsoronmu, kuma da dalilinsu, don wasu sojoji da suka riga mu wucewa sun yi ɓarna a ƙauyukan baya, irin ɓarnar da baki ba ya son faɗa. In na hau da butata neman ruwan alwala a wani kwamin dutse da mata ke wanki, sai su kwashe kaya su watse. Akwai wata tsohuwa mai baƙin mayafi da takan tofar da yawu in na gifta. Mutum ɗaya ce ba ta gudu ba. Ta tsaya, itacen bugun wanki a hannunta kamar mai jiran kura. Na tuna da maganar kakata, na ce, "Sannu da aiki." Ba ta amsa ba. Kashegari na sake, jibi na sake. Wata rana ina cika buta, na ji daga bayana an ce, "Sanno." Na juyo, ta rufe baki da hannu tana dariya.

Ita ce Lusiya, 'yar mai injin niƙa. Uwarta ta rasu, wanta an kai shi yaƙi bai dawo ba, ubanta gurgu ne, tun wani yaƙin da ya gabata ƙafarsa ɗaya ta tafi. Ita ke wanki, ita ke tatsar akuya, ita ke jan buhu. Samarin yanzu suna da kalmomi kamar ruwan sama, ga waya ta fara shigowa, a yi ta zuba har kunne ya yi zafi. Mu kalmominmu ba su cika tafin hannu ba. Ta nuna ruwa ta ce akwa, na ce ruwa. Ta nuna akuyarta mai yawan tsinke igiya, ta daka mata tsawa, resta kwa, na maimaita, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Na kawo mata sabulu da sukari daga rabona, ta ƙi karɓa hannu banza. Kashegari ta zo da wani abu a naɗe cikin ƙyalle, ta buɗe, ta yanka shi da zare. Na duba, na sake dubawa. Tuwon masara ne, wallahi, tuwo sak, sai dai ba miya. Na kai wa 'yan'uwana, muka kewaye shi muna kallo, wani Bazabarme a cikinmu ya fashe da kuka.

Sannu a hankali na fara sauka wurin injin in na tashi gadi, in ɗaukar wa tsohon buhu, in gyara masa abin da ya karye. Ya miƙo mini giya na ƙi, ya miƙo naman alade na ƙi, ya ɗaga kafaɗa ya turo mini cuku da burodi, ya nuna mini kujera a teburinsu. Wata rana Lusiya ta kai yatsa ta bi tsagen fuskata, fuskarta duk tausayi, tana tambaya da ido wa ya yi mini wannan. Na ce, "Mama," na yi alamar kyau. Ta zaro ido, ta kasa yarda uwa za ta sa a yanka ɗanta don ado. Kafin ranar ƙarshe, wannan yatsa ɗaya shi ne iyakar abin da ya shiga tsakanin jikina da nata, amma na kwana ina jin sanyinsa. Na yi wa tsohon bayani da hannu cewa in yaƙi ya ƙare zan dawo. Ya dafa kaina. Kafaran da ya lura ya kira ni gefe ya ce, "Yaro, baƙo raɓa ne. Rana na fitowa za ka bushe, ka bar 'yar mutane da bakin gari." Na ce, "Baba, ni da gaske nake." Ya ce, "Na sani. Shi ya sa nake jin tsoro."

Ranar da abin ya faru zafi ake yi, alkama ta yi ja a gonaki. Muna bakin kwamin wanki, ita tana cuɗa riga, ni ina cika buta. Wani kamiyon mai ya kama da wuta kusa da akwatunan. Na ga hayaƙin, na san abin da ke tafe, na ture ta muka faɗi bayan kwamin. Abin da aka fara koya mana a soja ke nan: in ƙasa ta fara tashi, ka manne mata, kada ka gudu. Akwatunan suka fara fashewa, zaitun yana tashi sama da saiwarsa.  Sai aka hau kaɗa ƙararrawar coci, ƙauyen duka ya ɓarke da gudu zuwa gangare, kowa yana son ƙetare ruwa. Gadar dutsen Jamus sun fasa ta tun da za su janye, abin da ya rage 'yan katakai ne da aka shimfiɗa a kan madatsa, inda ruwa ya fi zurfi. Lusiya ta ɗago kai ta ce, "Papa!" Na riƙe wuyan hannunta, ina faɗa mata kalmar da take faɗa wa akuya. Hannun duk kumfar sabulu. Ta murɗe, ya sulɓe. Na ga bayanta ta shiga cikin taron, na ga taron ya hau katakan, sannan ban ga katakan ba.

Wuta ba ta kashe ko mutum ɗaya a ƙauyen nan ba. Ruwa ne ya ci su. Tsohon kuwa yana zaune cikin ɗakin injinsa, ko ƙwarzane bai yi ba, don ba shi da ƙafar gudu. Da ƙarar ta lafa muka shiga ruwan da dogayen sanduna, mu da ake gudu in an hango. Ni na same ta, a gindin ƙafar injin, gashinta ya kwance. Ranar ce farkon ɗaukarta da na yi a hannuna, na hau da ita gangaren ina jin nauyin ruwa a tufafinta. Tsohuwar nan mai tofar da yawu ta tare ni a hanya, ta kalle ni, ta cire baƙin mayafinta ta lulluɓe ta da shi a hannuna. Na kwantar da ita a gaban ubanta. Bai yi kuka ba, ya dai riƙa matse ruwa daga gashinta. Da gari ya waye aka busa mana ƙaho. Abin da muke gadi ya ƙone, ba sauran dalilin zamanmu. Ban ga inda aka sa ta ba. Daga nan aka kai mu Faransa, daga Faransa gida, gida kuma ya ƙi zaunuwa, na bi fataken shanu har Ikko, na faɗa harkar goro. Ban faɗa wa kowa ba. Wa zan faɗa wa, da wane baki?

Duk wannan ya wuce ta gabana ina kwance bayan rijiyar gidana, hannun Hajiya a cikin nawa. Wannan karon hannun bai sulɓe ba. 'Yan hayar da suka ga ban gudu ba su ma suka kwanta da yaransu a gindin bango. Hajiya ba ta tambaye ni komai ba, don wani tashin hankalin ya danne wannan: Autarmu tana aure a wajen Isolo, da goyo da yarinya mai tafiya, kuma can ɓangaren ƙarar ta fi ƙarfi. Da sassafe sai ga mijinta, dillalin tumatir ne a Mile 12, idanunsa jawur. Ya durƙusa ya ce, "Baba, suna nan?" Hajiya ta ɗora hannu a ka. Ya ce da ƙyar ya isa gida, ya tarar da ƙofa a buɗe, tukunya a kan murhu ta ƙone, ba kowa. Ya ce, "An ce mutanen layinmu duk hanyar kwata suka bi." Na ce, "Wace kwata?" Ya ce, "Babbar nan, mai ruwa." 

Suka ce in zauna, na ƙi. Muka shiga danfo, inda mota ta ƙare muka hau okada. Abin da na gani a bakin ruwan nan, da na san zan sake ganinsa da na roƙi Allah ya ɗauke ni kafin ranar. Kainuwa ta rufe ruwan ruf, kore shar, wanda ya zo a guje da magariba zai rantse fili ne. Na gaba suka faɗa, na baya suka turo, ba mai jin ihun wani saboda ƙara. Gudun gara, aka tadda zago. Samari suna nutsewa suna fitowa, ana jera mutane a bakin gaɓa, yawanci mata da yara. Silifas a zube ko'ina, ƙanana ƙanana. Yarabawa, Ibo, namu, kowa yana kiran suna da yarensa, kukan kuwa iri ɗaya. Muka bi layi muna ɗaga zane muna mayarwa. Surukina ya kasa, ya zauna a laka ya rufe fuska, ni na ƙarasa. Kowane zane na ɗaga sai na ce ga ta nan, kuma ban san wace nake nufi ba, Auta ko Lusiya. Wani saurayi ya fito daga ruwa ɗauke da wata budurwa, gashinta yana ɗiga, yana waige-waige bai san inda zai ajiye ta ba. Na nuna masa wuri, na cire rawanina na rufe ta.

Ba mu same su ba. Muka juyo bayan azahar. Ina shiga zaure na ji muryar yarinya tana neman ruwa. Auta ce zaune a tsakar gida, ƙafafunta a kumbure ba takalmi, goyonta yana barci, babbar tana jikin Hajiya. Mijinta ya zube a ƙofa. Ta ce, "Baba, har bakin ruwan na je. Zanen goyona ne ya kwance, na ja gefe in ɗaure, na riƙe wannan da ƙafa. Ina ɗagowa na ga waɗanda ke gabana babu su. Maman Tunde da ke sayar mana da gawayi, da 'ya'yanta, ina kallo." Ta ce ta juya ta bi jikin katanga har titi, wani mai danfo ya kwashe su bai tsaya ba sai Ajegunle, wata mata da ba ta san su ba ta shimfiɗa musu tabarma a shagonta. Na zauna a ƙasa ina kallon jikokina, na kasa ko hamdala da baki, sai a zuci.

Hajiya ta bari har baƙi suka ɗauke ƙafa, Auta ta koma ɗakinta. Wata safiya ta kawo mini koko, ta ajiye, ba ta tashi ba. Ta ce, "Alhaji, wace ce?" Ban yi kamar ban gane ba. Na faɗa mata duka, tun daga kwamin wanki har ƙahon da aka busa. Kokon ya huce. Na zaci za ta yi fushi, ko ta yi mini dariyar tsufa, don bakinta ba ya raga wa kowa. Sai ta ce, "Wa ya yi mata wanka?"

Na ce, "Ban sani ba."

"Ka ga kabarinta?"

"Ban gani ba."

"Tun lokacin ka taɓa fitar da ko ƙwayar gero saboda ita?"

Na ce, "Hajiya, ba Musulma ba ce. Ban san abin da malamai za su ce ba."

Ta ce, "Ni ba wurin malamai na ce za ni ba. Yarinya ta tafi ceton ubanta ta mutu, wanda ya halicce ta ya fi mu sanin inda zai ajiye ta. Amma ka bar ta cikin ruwa shekara da shekaru, kai kaɗai kana ɗauke da ita, ina gefenka ina zuba maka tuwo. Haba, Alhaji."

Ranar Juma'a tun da hantsi ta sa aka fito da tanda, ta jiƙa shinkafa tun jiya ban sani ba. Ta soya waina ta cika manyan kwanoni, aka kai ƙofar masallaci, aka kai wa 'yan dako a bakin tasha, aka shiga da ita gidajen Yarabawan layinmu. Duk wanda ya tambaya sai ta ce ta mutanen ruwa ce. Da ta zo kwano na ƙarshe ta tsaya, ta juyo ta ce, "'Yar wa za a ce?" Na buɗe baki, sai na tarar ban taɓa sanin sunan tsohon ba, Papa kawai na ji tana ce masa. Na faɗa mata haka. Ta goge hannu a zane, ta rufe kwanon, ta miƙo mini.

Ta ce, "To, Lusiya 'yar mai niƙa. Tashi, wannan da hannunka za ka raba."